Koren Zare a Wandon Baba

Litinin, 3 ga Nuwamba

Wandon Baba ya sake buɗewa yau, karo na uku cikin mako guda. Ya taso daga kujera zai shiga banɗaki, sai na ji ya ce "Ke!" Na juyo na tarar ya damƙe ƙugun wandon da hannun hagu, sandarsa ta faɗi, ya jingina da bango yana hararata kamar ni na ja masa. Allah ya rufa asiri babu kowa a gidan sai ni.

Wata biyar ke nan da ciwon nan ya shanye masa ɓarin dama. Malamar motsa jiki ta asibiti ce ta ce a cire masa maɓallai da zif a sa maƙale-mata, abin nan mai fuska biyu, ɗaya mai kaushi ɗaya mai laushi, in an haɗa su su kama, in an ja su yi ƙara. Wai da hannu ɗaya ma zai iya. Na kwashi riga shida da wando huɗu na kai wa telan bakin titi. Watan farko kamar mun tsinci dami a kala. Yanzu kuwa a danna a danna, ana sakin hannu abin ya wangale baki.

Shekara arba'in da ɗaya Baba ya yi yana ɗinki, kuma da hannu yake yin ramin maɓalli. Ran da ya ga kayan, kallo ɗaya ya yi musu ya ce, "Aikin ragwaye." Maganarsa tana harɗewa tun da ya kwanta, amma in kushe ne, tas take fitowa.

Talata, 4 ga Nuwamba

Yaya ya kira. Ya ce hutun da na ɗauka a ofis zai ƙare ranar ɗaya ga wata, ko na manta? Ban manta ba. Ya ce zai zo Asabar ɗin ƙarshen wata ya gani da idonsa. In Baba yana iya sa kayansa ya shiga banɗaki ya fito shi kaɗai, shi ke nan. In ba ya iyawa, zai ɗauke shi zuwa gidansa, ya riga ya samo mai kula da shi.

Gidan Yaya hawa na uku ne. Keken ɗinkin Baba ba shi da wurin zama a can, ko shi Baban ma ɗakin ajiye kaya za a gyara masa. Da na faɗa masa, cewa ya yi, "Sai dai gawata."

"Auta, ba na son taurin kai," in ji Yaya. Shi da yake zuwa sau ɗaya a wata da ledar lemo. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo, amma ban faɗa ba, haɗiyewa na yi.

Wato zaman Baba a ɗakinsa ya rataya a kan ɗan ƙyallen da bai kai tsawon yatsana ba. Abin dariya, in da ina da bakin yi.

Alhamis, 6 ga Nuwamba

Na kai wando ɗaya bakin taga na duba da kyau. Ashe fuskar mai kaushi ƙananan ƙugiyoyi ne jere-jere, kuma duk sun cushe da gashin tawul da zare da wani farin abu kamar auduga. Har gashin kaina na gani a ciki. Ina za su kama, bayan bakinsu a cike yake?

Na kira Malama. Tambayar farko da ta yi, yaya nake wanke su? Na ce a inji, tare da sauran kaya. Da tawul? Da tawul. A buɗe ko a rufe? A buɗe.

Ta ce a riƙa manne su kafin a sa a ruwa, a juya bayan rigar, in da hali a zuba su cikin rigar matashi a ɗaure bakin. Ban da ruwan zafi, ban da ɗora dutsen guga a kai, narkewa suke yi. Wanda ya riga ya cushe kuma a bi shi da tsohon buroshin haƙori ko mataji mai ƙananan haƙora.

Duk wata huɗun nan babu wanda ya ga dama ya gaya mini. Ni ce dai mai laifi kullum.

Asabar, 8 ga Nuwamba

Tun bayan karin kumallo har la'asar ina abu ɗaya. Buroshi ya kwashe na sama. Mataji ya tono na tsakiya. Wanda ya nannaɗe a gindin ƙugiya sai da hantsakin gira, ɗaya bayan ɗaya, har idona ya fara ganin bibbiyu. A ƙarshe na bi da salatif, in manna in ɗaga. Riga shida, kowace da wuri biyar a gaba da biyu a hannu. Wando huɗu. Ban lissafa ba don kada in yi kuka.

Wuyana ya ƙage. Abin da na tara ya cika murfin kwalba, launin toka, abin ƙyama.

Baba yana zaune yana kallona tun farko har ƙarshe, bai ce sannu ba. Da na ja ɗaya ya yi ƙarar nan mai ƙarfi, na ce, "Baba ka ji? Kamar sabo." Ya ce, "Maɓalli ba ya ihu."

Litinin, 10 ga Nuwamba

Ya sa wando da kansa, ya je ya dawo, bai buɗe ba. Alhamdu lillahi.

Laraba, 12 ga Nuwamba

Murna ta koma ciki. Hannun riga biyu da ƙugun wando ɗaya sun sake cushewa, kwana huɗu kacal. Kuma ban wanke su ba ma. Wannan karon ba toka-toka ba ne, wani koren zare ne mai laushi kamar ulu.

Babu koren tawul a gidan nan. Babu koren bargo. Na duba labule, na duba rigar kujera, har dardumar salla na ɗaga. To daga ina?

Alhamis, 13 ga Nuwamba

Garin neman gira na rasa ido. Haushi ya sa na ɗauko buroshin waya na wanke tukunya, na ce yau sai na ga ƙarshen abin nan. Na dirje fuska mai kaushi, na dirje mai laushi ma don kada in bar komai. Mai laushin ta tashi buzu-buzu kamar kan da bai ga mataji ba, yanzu ko kaɗan ba ta kamawa. Wando biyu na kashe da hannuna.

Na kai wa tela. A wurin Baba ya koyi aiki tun ina goye, yanzu shi ma furfura ta fito masa. Ya juya wandon ya ce, "Wa ya yi wannan ɗanyen aikin?" Na ce inji ne. Ya kalle ni ta saman tabarau. "Injin nan yana da hannu ke nan. Ba a kankare mai laushin, Auta, da yatsa ake tsince ta. Kada ki bari maigidana ya gani." Sai Litinin zan karɓa.

Saura wando biyu, saura kwana goma sha shida.

Asabar, 15 ga Nuwamba

Na tsince da safe, da yamma koren ya dawo. Ruwa ba ya tsami banza. Na fara zargin Baba ne yake yi da gangan, don a gaji a mayar masa da maɓallansa.

Kuma na faɗa masa. Ban so ba, amma na faɗa. Na ce, "Baba, in so kake a kai ka gidan Yaya ka gaya mini, in huta da tsintar zare. Ni ma mutum ce." Muryata ta ɗaga har maƙwabciya ta rage rediyonta.

Ya jawo sandarsa ya shige ɗakinsa. Na shiga kicin na wanke kwanukan da na riga na wanke.

Lahadi, 16 ga Nuwamba

Na gano.

Na fita sayen sabulu, na kai bakin titi na tuna ban ɗauki jaka ba, na dawo. Ƙofar ɗakinsa a buɗe kaɗan. Yana zaune gaban keken ɗinki, ya shimfiɗa mayafin ulun Inna a cinya, koren nan da ta saƙa da kanta, ya naɗe mataccen hannun a ciki yana shafawa da ɗayan. Yana jin motsina ya yi ƙoƙarin cusa shi cikin aljihun keken, hannun rigar ya kama ulun, ya ja, na ji zaren yana tsinkewa.

Shekara biyu da rasuwarta. Ni da kaina na haɗa kayanta cikin akwati na kulle na ɗora saman kabad, ban sake buɗewa ba, ba na ma son a yi zancen. Ashe wannan bai taɓa shiga akwatin ba. Duk lokacin da na juya baya yake fito da shi.

Me na yi? Na ce, "Kawo in wanke maka, Baba, ya yi ƙura." Na zare shi daga hannunsa. Bai riƙe ba, da me zai riƙe? Na sa a leda na jefa saman kabad kusa da akwatin.

Bayan ranar ashirin da tara zan mayar masa. Don shi nake yi. Na rubuta a nan don in tuna cewa don shi nake yi.

Litinin, 17 ga Nuwamba

Na karɓo wanduna biyun. Komai tsaf, ko zare ɗaya babu.

Laraba, 19 ga Nuwamba

Kwana uku maƙale-mata na kamawa kamar me, sai dai babu mai sawa. Baba ya ƙi cire rigar barci. Na jera masa kaya a bakin gado, ya juya fuska bango. Abinci cokali uku. Ya tambaye ni sau ɗaya, "Ya bushe?" Na ce da saura.

Ulu ne, ba katifa ba. Ya san ƙarya nake.

Alhamis, 20 ga Nuwamba

Yaya ya turo hoton ɗakin da aka gyara. Har da sabon labule. Na kashe wayar.

Juma'a, 21 ga Nuwamba

Ranar asibiti. Da ƙyar na sa masa kaya, ni na manna komai, yana tsaye kamar gunki. Malama ta kama hannun ta ce ya ƙara sanƙarewa, me ya faru a makon nan? Baba ya kalli silin.

Da aka shiga da shi ɗakin motsa ƙafa, na ja ta gefe na ba ta labari duka. Ina jira ta ce na yi dabara. Har da nuna mata hannun rigar, yadda yake fes.

Ta ce, "'Yar'uwa, ke wando kike jinya ko mutum?"

Na ji kamar ta watsa mini ruwan sanyi. Na ce ai in wandon ya buɗe gaban Yaya, mutumin ne zai tafi. Ta ce, "To ga shi wandon bai buɗe ba. Yana sawa?"

Haushinta nake ji har yanzu. Mutum ya faɗi gaskiya ba laifi ba ne, amma akwai yadda ake faɗa.

Asabar, 22 ga Nuwamba

Na sauko da shi da safe. Ban wanke ba, ban ma yi kamar na wanke ba. Na ajiye masa a cinya na ce, "Ga shi, Baba. Ka yafe ni." Ya daɗe yana kallonsa. Sai ya naɗe hannun a gabana, bai ɓoye ba.

Zuwa azahar ya sa riga da wando da kansa. Zuwa la'asar hannun rigar ya yi kore shar. Da ya cire ta, na ɗauko buroshi da hantsaki na zauna, raina a ɓace, ina cewa a zuci haka zan ƙare, mai tsintar zare.

Ya ce, "Basilla."

Ban gane ba sai da ya nuna aljihun keken. Babbar allurarsa ce ta ɗinkin kaya masu kauri. Na miƙa masa. Ya ce in shimfiɗa rigar a kan teburin keken. Sai ya kama mataccen hannun da na hagu, ya ɗaga shi ya ɗora a kan rigar ya danne ta da shi. Wata uku Malama tana roƙonsa ya riƙa ɗora hannun nan a tebur, yana cewa ba kayan ado ba ne.

Ya zura bakin basillar tsakanin layin ƙugiyoyin, ya tura a hankali daga wannan ƙarshe zuwa wancan, ya ɗaga. Ulun ya taso gaba ɗaya kamar an yaye shi. "Layi-layi," in ji shi. "Ke kina yi kamar kaza."

Abin da yake cin mini minti goma, da hagu ya yi shi a uku. Na ji daɗi, na kuma ji haushi, ban san wanne ya fi ba.

Litinin, 24 ga Nuwamba

Yau kuma tela ne ya shiga uku, ko da yake ba ya nan. Baba ya manne hannun riga ya nuna mini: fuskar mai kaushi ta fi mai laushi tsawo da kusan rabin yatsa, don haka ko an rufe, bakinta yana waje yana kama duk abin da ya gifta. "Ban koya masa haka ba." Ya maimaita sau uku.

Na ce in mayar masa ya gyara? Ya ce a'a, ga keke. Ni da rabona da taka keken nan tun ina 'yar makaranta. Na farke, na rage tsawon da almakashi, ya ce in zagaye kusurwar don kada ta karce fata, na mayar na ɗinke. Yana gefe yana ba da umarni da sanda. Layina ya karkace, ya sa na farke. Ya sake karkacewa, ya sake sawa. Allura ta soke ni a babban yatsa.

Riga biyu muka gama. Bayana kamar an daka.

Laraba, 26 ga Nuwamba

Shida sun kammala. Yanzu ulun kaɗan yake kamawa, amma yana kamawa. Baba ya mai da shi aikin safe: bayan shayi, basilla. In ya cire kaya shi yake manne su da kansa kafin ya jefa kwandon wanki, kuma in na ɗauka sai ya ce in nuna masa babu tawul a ciki. Mutumin da ya ce aikin ragwaye ne.

Juma'a, 28 ga Nuwamba

Gobe. Sau uku na duba kayan da zai sa.

Asabar, 29 ga Nuwamba

Yaya ya iso da hantsi, da ledar lemonsa. Ya ce ba wai jarrabawa ba ce, sannan ya zauna ya harɗe ƙafa ya duba agogo.

Baba ya fara da wando, a zaune, mataccen ɓarin tukuna kamar yadda aka koya masa. Ya miƙe ya jingina da gado ya ja, ya manna. Ya kama. Sai riga. Ya manne wuri biyar ɗin, amma gefe ɗaya ya ɗara ɗaya tsawo. Na ce a raina, bar shi haka Baba, don Allah bar shi haka, ai ya rufu. Ina! Ya kalli ƙasan rigar, ya ja tsaki, ya ɓalle duka biyar ɗin, ƙarar ta cika ɗakin. Ya sake daga ƙasa. Gumi yana ɗiga daga haɓarsa. Yaya ya yunƙura zai taimaka, na riƙe masa hannu, ni da ban taɓa riƙe Yaya ba.

Minti goma sha huɗu. Ya je banɗaki ya dawo, komai a rufe. Ya zauna, ya jawo mayafin ya naɗe hannunsa.

Yaya ya ga mayafin. Ya fita tsakar gida wai zai amsa waya, alhali wayar tana kan kujera.

Da ya dawo ya ce, "To, a ƙara wata ɗaya mu gani." Baba bai ko kalle shi ba, ƙafarsa yake kallo. Ya ce, "Cire takalmin nan." Igiyar takalmin Yaya irin mai mannewa ce, ta cushe tana lilo. Haka babban mutum ya zauna da safa, Baba yana yi masa faɗa yana tono datti da basilla.

Wata ɗaya ne kawai, na sani. Kuma har labulen da ya saya sai da ya ambata kafin ya tafi.

Talata, 2 ga Disamba

Kwana biyu da komawa aiki. Takardu sun taru kamar ba a taɓa taɓa su ba, shugabar ofis tana yi mini sannu da zuwa da bakin da bai kai ciki ba. Sau huɗu na kira gida jiya, a na huɗun ya ce, "Ina aiki," ya kashe.

Ashe ulun da yake tonowa ba ya zubarwa. A gwangwanin maɓallai yake tarawa, na gani da nake neman almakashi. Ban tambaya ba.

Da safen nan yana banɗaki, mayafin yana kan kujera. Gari da ɗan sanyi, shi ya sa na yafa, na minti ɗaya kawai, ina rataye da jaka. Ba ya ƙamshinta kuma, ƙamshin man zafin Baba yake yi. Duk da haka sai da na sake wanke fuska kafin in fita.

Murfin jakata ma maƙale-mata ne. A mota na ga ya kamo koren zare, dogo, ya nannaɗe a ƙugiyoyin. Hantsaki yana cikin jakar. Murfin dai yana rufuwa, ba laifi.

Gobe zan ba Baba ya cire. Ko jibi.